Bana a gida za mu yi Babbar Sallah, mu da yara kawai. Ina neman shawara

Maman Yara, Garwa:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema, musamman daga iyayen da suka taɓa yin abin da muke shirin yi.

Ni tela ce, a unguwar Yelwa nake nan Garwa, arewacin Kamaru. 'Ya'yanmu huɗu. Babbar mace ce, bana za ta rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 11, sai mace mai shekara 7, sai auta da ko uku bai cika ba. Tun da aka kawo ni gidan nan, a Ngawundare muke yin Babbar Sallah, a gidan su maigida. Hajiya tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya, kuma 'ya'yanta da jikokinta duk can suke taruwa, har na Yawunde sukan hau jirgin ƙasa su kwana a hanya su zo. Gidan mutunci ne, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza a cikinsa. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci rigima ce ta hana mu tafiya.

Bana maigida ya ce a gida za mu zauna. Sallar ta faɗo dab da jarrabawar yarinya, hutun da gwamnati ke bayarwa kuma na yini ɗaya ne, wurin aikinsa ba sa ƙara masa ko rabin yini. Ga kuɗin mota na mutum shida zuwa da dawowa, tafiyar kusan kilomita 280, ga hawan dutsen nan na kafin a shiga gari da auta ke yin amai a kansa. Ya ce gara kuɗin nan ya shiga cikin na rago.

Da ya faɗa, wallahi wani sanyi na ji a raina, kuma ina so ku gane dalili. A can, mu matan 'ya'ya tun asuba muna gindin murhu. Ana yanka sa, ana yanka raguna, mu ne wankin hanji da tumbi, mu ne suya, mu ne zuba wa baƙi abinci, har kwanakin Sallah su ƙare. Ban ƙi aikin ba, lada ne. Amma kayan da na zauna na ɗinka wa 'ya'yana da hannuna, na yi musu aiki a wuya da hannu, a hoto nake ganin su a jikinsu. Kafin in fito daga madafa sun tafi yawon Sallah da 'yan uwansu, kafin su dawo maiƙo ya ɓata kayan, barci ya kwashe su a kan tabarmar wani ɗaki. Babbar nan ta kusa zama budurwa, ban taɓa zama na ci naman layya a faranti ɗaya da ita ba. Abin da nake so bana ke nan: in zauna. In ga fuskokinsu. Mu ci, mu sha, mu yi hira, ba gaggawa, ba wanda ke kira na daga bayan gida.

Matsalar ita ce yaran ba haka suka ɗauke ta ba. Namijin tun da ya ji labari yake kumbure-kumbure, ya ce Sallar da ba 'yan uwa, ba kallon dawakin Lamiɗo, ai ba Sallah ba ce. Ƙaramar kuma tambayarta ɗaya, wa zai ba ta goron Sallah in ba ta ga baffanninta ba. To me zan yi musu a cikin gida da zai sa su ji ranar ta fita daban da sauran ranaku? Kuma yaya zan yi da naman, ni kaɗai da yarinya mai karatu, don kada in gudu daga murhun Ngawundare in faɗa na Garwa? Sai abin da ya fi damuna, wanda ko maigida ban faɗa wa ba: ina tsoron Hajiya ta ga kamar ni ce na janye mata ɗa da jikoki.

Goggo, Ngawundare:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ta karanta mini, na ce ta rubuta miki amsata yadda na faɗa.

Ni a wurin surukarki nake tsaye, don ni ma uwar maza ce masu mata. Tsohuwa ranar Sallah ba nama take kallo ba, kawuna take ƙirgawa. In ta duba ta ga na wane ba su zo ba, ko ba ta ce komai ba, abincin ba zai wuce mata daidai ba. Saboda haka tsoron da kike ji yana da tushe, kuma na ji daɗi da kika ji shi.

Maganar nan kada ta fito daga bakinki. Mijinki ne zai faɗa mata, kuma ba a waya ana jajibiri ba. Ya samu Asabar ko Lahadi ya hau mota ya zo ya durƙusa gabanta, ya kawo mata atamfarta ta Sallah da goronta, ya ce Hajiya ga uzurina bana, ga jarrabawar jikarki. Zumunta a ƙafa take. In ya yi haka, ita da bakinta za ta ce ku zauna, har ta sa wa yarinya albarka. Ke kuma ranar Sallah ki riga kowa kiranta, tun kafin a tafi idi, ki miƙa wa yaran wayar ɗaya bayan ɗaya. Idan kun soya nama ki ware mata mai kyau, na cinya, ki ba direban da kuka sani ya kawo. Ba don ba ta da nama ba.

Amma zan gaya miki gaskiya, kada ya zama al'ada. Bana uzuri ne, baɗi ku zo. Yaranki suna bukatar sanin 'ya'yan baffanninsu fiye da yadda kike zato, mu da muka binne iyaye mun san ranar da wannan ke amfani. Batun wahalar murhu kuwa gaskiyarki ce, kuma gyara shi ake yi, ba gudu ba. Ni a gidana tun da gwiwa ta fara ba ni matsala na ce 'ya'yana maza su haɗa kuɗi a ɗauko mata biyu masu suya a biya su. Matansu yanzu suna samun lokacin sa kaya su zauna. Mijinki zai iya kawo wannan shawara wurin 'yan uwansa.

Uwar Biyu, Marwa:

Yaya, mu mun daɗe a wannan layin. Dangin maigidana suna wani ƙauye ne wajen Mora, kusa da iyaka, kuma tun da rashin tsaro ya taso a 2014 muka daina kai yara can da Sallah. Da farko na yi kuka, yanzu kuwa na san kan abin. Bari in yi miki maganar nama, don a nan ne hutun mace ke lalacewa.

Ki fara cire hoton Ngawundare daga kanki. Can sa ne da raguna da baƙi ba iyaka. Ke rago ɗaya gare ki da baki shida, biyu daga ciki ma ba wani ci suke yi ba. Ku kama mahauci tun yanzu, ku yi ciniki, ku ba shi wani abu a hannu, don ranar Sallah kowa nemansu yake, in ba ku yi haka ba sai la'asar ta yi ragonku na rataye ba a feɗe ba. Ki sa a cikin cinikin cewa shi zai zubar da ƙazantar tumbi da hanji ya yi musu wankin farko. Wannan kaɗai ya rage miki rabin wahala.

Sannan rabo. Da an gama fiɗa, kafin ki ɗora komai a wuta, ki fitar da na sadaka da na maƙwabta ɗanyensa, ki ƙulla, yara su kai. Duk abin da ya fita daga gidan ba ke za ki soya shi ba. Mutane da yawa sai sun soye duka sannan su fara rabo, su wahalar da kansu a banza, alhali talakan da za ki ba ya fi son ɗanye ya yi miyarsa yadda yake so.

Ranar Sallah ni abu biyu kawai nake dafawa. Hanta da ƙoda a gasa a kan gawayi, da gishiri da yaji, wannan maigida ne ke yi, yara na kewaye da shi. Sai farfesun kayan ciki, a ci da waina ko farar shinkafa. Ƙullun waina tun daren jajibiri nake haɗa shi. Folere ma, wato zoɓo, tun jajibiri nake dafawa, da citta da kanumfari, in tace in zuba a gorori. Cincin da dubulan kuwa mako guda kafin nan, kuma ki bar ƙaramar ta yanka cincin ɗin ko da zai fito a karkace, za ta ci shi da alfahari.

Sauran naman kada ki bar shi ɗanye ya kwana, zafin Garwa ya fi namu ma nauyi saboda kogi, kuma kada ki dogara da firiji, kin san yadda wuta ke yi mana. Da yamma ki yanka shi manya-manya, ki zuba a babbar tukunya da gishiri, albasa, citta, tafarnuwa da masoro, ruwa kaɗan, ki bar shi ya dahu har ruwan ya tsotse. Wannan ba ya bukatar ki tsaya a kansa, kina zaune kina hira yana yi. Washegari da sanyin safiya sai ki narka kitsensa ki ƙara man gyaɗa ki soya har ya bushe sosai. In ya huce ki zuba a tukunya mai murfi, kada kowa ya sa jiƙaƙƙen hannu a ciki, zai daɗe bai yi komai ba. Kilishi ban ba ki shawara ki yi da kanki ba a wannan lokaci, damina ta fara shigowa, hadari zai iya haɗuwa naman na shanye bai bushe ba. In kuna so, ku kai wa mai kilishi cinya ɗaya ku biya shi. Kai da ƙafa aikin maza ne, uban da ɗan su babbaka su kankare.

Abu na ƙarshe, ki yi wanka ki sa kayanki tun da safe kamar kowa. In kika ce sai kin gama aiki, ba za ki sa su ba. Mu muna shimfiɗa babbar tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, a kawo faranti ɗaya, daga nan ba mai tashi sai don salla.

Ɗan Pitowa:

Hajiya, in maigida bai sayi rago ba tukuna, ya leƙo kasuwar Pitowa ran Lahadi, ba nisa daga Garwa, kuma ya zo da yaron. Ya nuna masa yadda ake buɗe baki a duba haƙora, a duba ido da ƙafa, don mai ido ɗaya, da gurgu, da mara lafiya, da ramamme ba sa yin layya. Yaron da ya zaɓi rago da kansa ba zai ƙara maganar Ngawundare ba.

Malamin Lakwal, Kusiri:

Ƙanwata, ni ta wajen yaran zan yi magana, su nake wuni da su.

Ɗan shekara 11 ba 'yan uwansa kaɗai yake kewa ba. A can yana cikin rundunar yara, ba mai tambayarsa komai. A gida kuma yana ganin za a zaunar da shi ne tsakanin mata. Maganinsa a ba shi girma. Na yarda da Ɗan Pitowa, a kawo ragon da 'yan kwanaki, a ce kai ne mai shi: harawa, dusa, ruwa, wanka, duk a wuyanka. Ran Sallah shi zai haƙa ramin jini, shi zai riƙe igiya, shi zai kai wa liman da mai unguwa nasu kason. Ki kira shi ki ce babanka yana bukatarka bana, ba shi da ƙane a kusa sai kai. Ki ga yadda zai miƙe.

Ƙaramar kuwa a kula. Yara masu shekarunta sukan shaƙu da rago, su ba shi suna, ranar yanka su yi ta kuka su ƙi cin nama. Tun ranar da aka kawo shi a gaya mata na layya ne, a ba ta labarin Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila, alaihimas salam, da yadda Allah ya fanshe shi da rago. Kada a tilasta mata kallon yanka.

Su tafi idi da ƙafa tare da babansu in filin ba nisa, suna kabbara a bayyane, su dawo ta wata hanyar daban kamar yadda sunna ta koyar. Kuma kabbarorin bayan salloli, da ake farawa daga azahar ta ranar Sallah har asubar rana ta huɗu, ku yi su tare a gida da murya, yara suna son wannan ƙwarai. Batun dawaki kuma, ai Garwa ma tana da Lamiɗonta da mahayanta. Babansu ya kai su su gani su dawo, ke ki samu ki kishingiɗa. Sai dai ya riƙe hannunsu da kyau, kuma kada a bar su su hau moto, wato babur, su kaɗai da yamma, samari na gudun ganganci ranar Sallah, mu nan Kusiri muna ganin abin da hakan ke jawowa.

Goron Sallah: ki fara tara sulalla tun yau, 'yan 25, 50 da 100, kin san canji wuya yake yi. Ki faɗa wa baffanninsu masu niyya su turo ta Orange Money ko MoMo, ke kuma ki canza ki sa wa kowane yaro nasa a 'yar jaka, ki ce wannan daga Baffa wane ne, sai su kira su yi godiya.

Mai jarrabawa kuma ta rufe littafi ran Sallah. Na koyar da ajin jarrabawa, yini ɗaya ba ya kayar da wanda ya yi karatu, hutun ma taimakonta zai yi.

Maman Auta, Njamena:

'Yar uwa, Allah ya nuna mana ranar lafiya. Ni gargaɗi ɗaya zan yi miki: zama a gida ba ya nufin ku kaɗai za ku wuni. Shekara da shekaru maƙwabtanki sun saba ganin ƙofarki a rufe da Sallah. Bana da sun ga hayaƙi za su shigo, ga kuma matan da kike yi wa ɗinki, kowace za ta so ta zo ki ga yadda kayan suka zauna mata. Mu nan Njamena haka muke, ƙofa a buɗe, turaren wuta na tashi, tire na biskit ɗin kak da dabino da alewa a ajiye, shayi a kan gawayi, karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a gefe. Wanda ya shigo ya ɗauka da kansa, a gaisa, a nemi gafarar juna, ya wuce gida na gaba. Ki yi irin wannan tiren tun da safe, ki rufe shi da kyalle. Baƙo ba zai tashe ki zuwa madafa ba.

Kuma ki duba unguwarku, akwai wanda ba shi da inda zai je. Mu akwai wata maƙwabciyarmu Kirista 'yar Mundu, mijinta ya rasu, kowace Sallah ita da 'ya'yanta a tabarmarmu suke cin rana, da Kirsimeti kuma ita ke aiko mana. 'Ya'yanta su ne abokan wasan nawa ranar, ana langa, ana 'yar carafke, gidan ya cika da ihu. Yaro ba ya tambayar ko dangi ne in dai akwai wanda zai yi wasa da shi.

Lalle ki yi muku ke da 'yan matan kwana biyu kafin Sallah, da daddare, ku uku a ɗaki. Da daren Sallah kuma in an ɗauke wuta kada ki ji haushi, ku fito tsakar gida ki ce gatanan gatananku. Nawa har mai shekara 15 matsowa yake yi.

Maman Yara, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maigida duka, har da na Goggo, a nan ne ma ya ji tsoron da nake ɓoyewa.

Goggo, ya je. Ya kai wa Hajiya atamfar da na ɗinka mata, ya yi mata bayani. Ya ce ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce to a turo mata yaran uku manya da an yi babban hutu su yi mata wata guda, kuma ta ba shi turare ya kawo wa mai jarrabawa. Mun amsa. Maganar ɗaukar masu suya ma ya faɗa wa yayansa, ya ce za su duba. Amma Goggo ki yi mini haƙuri, a wuri ɗaya ban bi ki duka ba. Na roƙi maigida ko da mun koma zuwa Babbar Sallah can, Ƙaramar Sallah ta zama tamu a gida, ni da 'ya'yana. Shekarun da suka rage yarinyar nan ta yi a gabana ba su da yawa, ina so ta tafi gidanta da sanin yadda uwarta ke yin Sallah.

Rago ya iso, fari ne mai baƙin kai. Yaron ya kafa masa turke a inuwa, yau da asuba na ji shi yana faɗa da ƙanwarsa wai ta cika masa ruwa a dusa. Bai daina maganar 'yan uwansa ba, jiya ma ya tambaya ko za a iya kiransu ta bidiyo lokacin da ake yanka san Hajiya, babansa ya ce za a yi. Ni kuma na rufe karɓar ɗinki, na mayar wa mata biyu yadinsu da haƙuri, ɗaya ta ji haushi, amma na fi son in gama na hannuna kafin jajibiri in rufe keke. Maman Auta, akwai wasu ɗalibai mata biyu 'yan Cadi da ke haya a bayanmu, ba za su je gida ba, na gayyace su cin rana.

Uwar Biyu, saura tambaya ɗaya. Naman da kika ce a dafa da yamma a soya washegari, a cikin tukunyar zan bar shi ya kwana a rufe, ko in kwashe in baza a tire ya sha iska? Kuma hanjin, kina naɗe shi ne ki soya tare da sauran, ko duka a farfesu yake tafiya?